Ranar da Aka Tono 'Yar Tsanata a Diffa

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da aka tono tukunyata a Diffa ba, ko da zan manta sunan unguwar da aka haife ni. Ni ba mutumin rubutu ba ne. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba, boko kuwa sai da furfura ta fara leƙowa na zauna ajin yaƙi da jahilci. Amma labarin nan ya daɗe yana yawo a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Gara in faɗe shi da kaina in huta.

Zamanin Nasara ne, saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Diffa ta lokacin ba wannan Diffa ba ce. Ƙauye ne a bakin kogin Komadugu, gidajen zana da 'yan ɗakunan ƙasa, warin bandar kifi ko ta ina. Na taso daga Damagaram da matata Dije da keken ɗinki na hannu, irin wanda ake murzawa. Keken nan shi ne gonata, shi ne rumbuna, ban da shi ba ni da ko akuya. A kan takarkari ya ƙarasa garin, ni ina tafe a ƙasa ina riƙe da shi kada ya zame.

Wani dattijo Babarbare mai fataucin kifi da kanwa, Ba Modu, shi ya sauke mu. Ya ba mu ɗaki da ɗan kewaye a jikin dangar gidansa, ta wajen ƙofa. Mutumin kirki ne, ba ya yawan magana. Sunana bai taɓa zama a bakinsa ba, "Afuno" kawai yake kirana, yadda Barebari ke kiran kowane Bahaushe. Barbarcina kuwa bai wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Da zarar an yi sauri sai in koma kurma.

Sai in gaya muku yadda muke aiki a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane wautar ba. Tela namiji ba ya auna mace, ba ya ma ganinta. Tsohuwa ce za ta shiga cikin gida da igiyar rama, ta ɗora a kafaɗar mai rigar ta yi ƙulli, ta zagaya ƙirji ta yi ƙulli, tsawon hannu ƙulli, tsawon riga ƙulli. Ta kawo maka igiyar da yadin. Awon ke nan. Kai kuma ka zauna da igiya mai ƙulle-ƙulle kana ƙoƙarin hango mutum a jikinta.

Ni kaina ba ya hangowa. Wasu teloli na zana abu a takarda, ni ko da'ira na zana sai ta fito kamar ƙodar rago. Kuma ina da wata cuta: ba na son ɗinka abin da kowa ke ɗinkawa. Kullum wani sabon wuya ko sabon hannu na yi mini yawo a ka. Yadin mutane kuwa ba abin gwaji ba ne, in almakashi ya shiga ya shiga. Shi ya sa tun ina Damagaram na samo dabara. Sai in nemi ƙashin ƙafar rago, irin wanda yara mata ke yin 'yar tsana da shi bayan Layya, in yi masa kai da kafaɗu da kakin zuma, in gwada sabon yankan a jikinsa da ƙyallen da ya ragu. In ya zauna a jikin ƙashi, zai zauna a jikin mutum.

Da a nan na tsaya da ba komai. Sai dai ba na tsayawa. In na gama rigar sai in ga ai ba a gane kyan wuya sai da abin wuya, in nemo 'yan duwatsu in zura. In na sa abin wuya sai in ga kan ya yi fili, in yi kitso da baƙin zare. Daga nan ɗankwali. Daga nan 'yan kunne na waya. (Akwai wadda na yi wa takalman fata, alhali ƙashi ba shi da ƙafa. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina ban samu amsa ba.) Ban da Dije babu mahalukin da ya san da wannan. Ina ɓoye su a kwando a ƙarƙashin gadon kara, don na san in mazan kasuwa suka ji, na gama zama a majalisa.

Da ruwan Komadugu ya kawo a shekarar, aka sa bikin 'yar Ba Modu, Yagana. Gwaggonta Ya Kaltum, wata tsohuwa mai kaifin baki, ta kawo mini atamfa da aka tsallako da ita daga Yerwa, shuɗiya mai zanen ganye, tare da igiyar awo. Ta ce, "Afuno, rigar da amarya za ta zauna da ita. Ka yi abin da ba a taɓa gani ba a bakin kogin nan. In ka ɓata yadin nan, ni da kai ne."

Abin da ba a taɓa gani ba. Ai kamar ta zuba mini mai a wuta. Na yanko ɗan gefen atamfar, na ɗauko ƙashi mafi kyau, na duƙufa. Wuya na yi shi zagaye kamar bakin tulu da ɗan tsagi a gaba, hannuwan na tattare su daga kafaɗa suka buɗe a ƙasa kamar fiffiken zabo. Da ya yi kyau sai cutar ta motsa. Na yi mata kitson Barebari mai tudu a tsakiya. Na ɗumama allura na ja mata tsagen fuska irin nasu a jikin kakin. Na liƙa ɗan jan dutse a hanci a madadin murjani. Ta fito Babarbariya sak, har ni kaina na ɗan ji nauyinta.

Sai tsoro ya kama ni. 'Yan biki sun fara sauka, mata na shige da fice, wasu har ɗakinmu suke ajiye kaya. In wata ta jawo kwandon fa? Sauran 'yan tsanan tsofaffin yayi ne, ko an gani sai in ce na 'yar ƙanwar Dije ne. Wannan kuwa atamfar amarya ce a jikinta, kuma sabon yanka ne da ba na so ido ya gani kafin ranar. Na yi tunani irin na masu wayo. Na naɗe igiyar awon a jikinta don kada ta ɓata cikin tarkacen baƙi, na soke allurar da zarenta a ƙirjin rigar inda na tsaya, kamar yadda kowane tela ke yi. Na sa ta a 'yar tukunya, na rufe, na shafe bakin da laka saboda gara. Na haƙa rairayi a gindin danga, kusa da ƙofar gida, na binne. A Damagaram haka kakata ke adana abin da take ji da shi. Na koma ɗaki ina yaba wa kaina.

Ashe a daidai kwanakin nan zazzaɓi ya kwantar da Yagana. Lokacin cikar kogi ne, sauro kamar a ɗiba da ƙwarya, rabin garin na rawar ɗari. Amma amarya ce, biki ya matso, mata suka fara ƙus-ƙus cewa wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, akwai hannu a ciki. Ni ban ji ko ɗaya ba. Da Barbarci ake yi.

Ranar da abin ya faru ina rumfata a kasuwa ina yi wa wani makiyayi ƙarin wando. Maza a gida suna haƙa ramukan da za a kafa dirkokin rumfar biki. A ina? A gindin danga, kusa da ƙofar gida.

Ban ankara ba sai ga Abba Gana, wan ango, wani ƙaton masunci da wuyansa ya fi cinyata kauri. Bai yi sallama ba. Ya sunkuci kekena da wandon makiyayin a maƙale, ya aza a ka, ya juya. Na bi shi da gudu ina cewa, "Lafiya? Malam Abba, lafiya? A hankali, akwai allura a ciki!" Makiyayin ma ya biyo mu, shi wandonsa yake bi.

A ƙofar Bulama, mai garin, muka tsaya, ƙarƙashin wata tsamiya da ke kallon kogi. Gari duk ya hallara. A tsakiyar fili ga tukunyata a fashe, ga 'yar tsanata kwance a kan faifai, an bar mata fili kamar maciji. Ba Modu na zaune ya sunkuyar da kai. Liman na gefe da carbi.

Abin da ya zo mini a rai ɗaya ne: shi ke nan, an gano ina wasa da 'yar tsana. Wallahi iyakar abin da na fahimta ke nan. Na dai yi mamakin taron. Na ce a raina, lalle Barebari ba su ɗauki zancen mazantaka da wasa ba.

Abba Gana ya yi wata doguwar magana yana nuna kogi da haɓa. Bulama, wanda ke jin Hausar kasuwa, ya fassara mini a gajarce: in abin da ake zargi ya tabbata, keke zai kwana a ƙasan Komadugu, ni kuma in kama hanyar Damagaram da ƙafa. Na dubi ruwan, ya cika ya yi jawur yana gudu. Na dubi keken a kan ƙaton nan.

Bulama ya ce, "Afuno, tukunyar nan taka ce?"

Na ce, "Tawa ce, Alanguburo." Haka Barebari ke cewa ranka ya daɗe.

"Kai ka binne?"

"Ni ne. Don kada a gani."

Taron ya yi wani irin gurnani. Bulama ya nuna 'yar tsanar da sanda, bai taɓa ta ba. "Wannan wace ce?"

Na ce, "A madadin Yagana take."

Wata mata ta kurma ihu daga baya. Ni kuwa na ƙara sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni, na ce gara in faɗi gaskiya ko a tausaya mini. Bulama ya ce tun yaushe nake wannan aiki. Na ce tun ina Damagaram, na sha yin niyyar dainawa na kasa, abin ya shiga jinina. Ya ce wa ya sa ni. Na ce ba kowa, ra'ayina ne, in na ga yadi mai kyau sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Ya ce akwai wasu?

Na ce, "Akwai, Alanguburo, cike da kwando. Har da ta uwargidanka, wadda na yi da ƙaramar salla."

Bulama ya miƙe tsaye. Bai san ya miƙe ba, ina jin, don ya sake zama nan take. Ya Kaltum ta faɗo tsakiyar fili tana dukan ƙirji, tana rantsuwa da Hausa don in ji: "Ni igiya na kai masa ya yi ɗinki! Ban ce ya binne 'yar mutane ba! Allah ya isa, Afuno!" Na rasa gane inda aka dosa. Wa ya binne 'yar mutane? Na waiga ina neman wanda ake nufi.

Sai liman ya matso. Ya sa tsinke ya warware igiyar daga jikin 'yar tsanar, yana addu'a yana tofawa, ya fara kwance ƙullin farko. Nan na manta da kunya. Na yi tsalle na ce, "Malam, don Allah kada ka kwance! In ka kwance wannan, kafaɗarta ta tafi!"

Mutane suka watse baya kamar an jefa garwashi. Liman ya dube ni, ya ce da Hausa tsantsa, a hankali, yadda ake yi wa yaro, "Bawan Allah, yarinya na kwance ba ta ko ɗaga kai. An tono siffarta a ƙofar gidan ubanta, da tufafinta, da allura a ƙirji, da igiyar da aka auna jikinta an ƙulle. Kai da bakinka ka ce kai ka yi. In ba sammu ba, mene ne sunan wannan?"

Sai a lokacin. Wallahi sai a lokacin kaina ya buɗe. Na dubi abin da ke kan faifai da idon mutanen, na ga ko ni aka nuna wa haka, da na nemi sanda.

Na shiga bayani. Na ce gwaji ne, awo ne, ƙullin nan kafaɗa ne, wancan ƙirji. Na ce ina ɗinka wa ƙashi riga ne in ga yadda za ta zauna. Bulama ya saurara har na gama, ya girgiza kai. Ya ce, "Boka mun san shi, muna da su. Amma namiji da gemunsa ya zauna yana yi wa ƙashin rago kitso don ra'ayi, wannan ba mu taɓa ji ba. Kawo wata maganar." Abba Gana ya gyara wa keken zama a kansa, ya taka zuwa gaɓa.

Muryar Dije na ji daga cikin mata. Dije da ko a gida sai ka kasa kunne kake jin maganarta. Ta ratso taron da kwandon a ka, ta dire shi gaban Bulama, ta durƙusa.

Ta ce, "Alanguburo, Malam ba boka ba ne. Da boka ne da ko kaza an taɓa kawo mana. Wasa yake da su."

Na ce, "Dije, gwaji."

Ta ce, "Wasa, Malam. Yau ba ranar gyara magana ba ce." Ta shiga fito da su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a rairayi. "Wannan Hajiya Babba yake ce mata. Wannan Ta-Zandar. Wannan mai takalmin ita ce 'yar gaban goshi, ba a taɓa ta. Hira yake da su in ya ɗauka na tafi rijiya. Ya tambaye su ko rigar ta matse, su ba shi amsa."

Bulama ya ce, "Su ba shi amsa?" Liman ya ƙara damƙe carbi.

Ta ce, "Shi ke amsa wa kansa, da muryar mata."

Bulama ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To, yi mu gani."

Na ce, "Alanguburo, a yi mini rai."

Bulama ya ɗaga wa Abba Gana hannu. Ƙaton ya riga ya shiga ruwa har idon sawu.

To, jama'a, na yi. Na durƙusa a gaban garin Diffa kaf, maza da mata da makiyayin da ke jiran wandonsa, na ɗauki 'yar tsanar Yagana na tsayar da ita a tafin hannuna. Na gyara mata ɗankwali (hannuna ne ya yi da kansa, sabo). Na ce da muryata, "Amarya, yaya kika ji wuyan?" Na matse maƙogwaro, na ce da 'yar siririyar murya, "Tela, ya yi mini faɗi kaɗan. Kuma hannun nan in na ɗauki tulu zai jiƙe."

Na ce, "Amarya ba ta ɗaukar tulu."

Na sake cewa da muryar amarya, "To, a ƙara mini dutse a wuya."

Ba wanda ya yi motsi. Sai na ji wani sauti kamar akuya ta shaƙe. Ba Modu ne. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya kife a kan tabarma, kafaɗunsa na rawa. Daga nan abin ya ɓarke. Mata suka riƙa faɗawa jikin juna. Liman ya rufe fuska da hannun riga. Bulama na share hawaye da gefen rawani yana cewa in sake, a kawo ta uwargidansa ita ma ta yi magana. Abba Gana kuwa dariya ta sa ya tanƙware a cikin ruwa, keken ya karkata, na yar da amarya na ruga na tare shi da ƙirjina. Muka zube tare a taɓo, ni a ƙasa, keken a sama. Bai jiƙe ba. Ni ne na koma gida kamar an tsamo tarwaɗa.

Yagana ta tashi bayan 'yan kwanaki, da saiwoyi da maganin kinin da wani ɗan'uwansu ya kawo daga garin Maine. An ce abin da ta fara tambaya shi ne a kawo mata 'yar tsanar ta gani. Ta aiko Ya Kaltum da sabuwar igiya, tunda liman ya kwance kafaɗa, da saƙon cewa rigar haka take so, kuma wuyan a rage shi kaɗan kamar yadda aka faɗa a gaban Bulama. Tsohuwar ta miƙo mini igiyar daga nesa ta ce, "Wannan a rataye, Afuno. A rataye."

Keke ya tsira, ban taka zuwa Damagaram ba. Amma maza sun daɗe ba su kawo mini ɗinki ba, in na zo majalisa sai wani ya matse murya ya tambaye ni ko hularsa ta yi masa faɗi. Bayan Layya kuwa rumfata ta cika da yara mata, kowace da ƙashinta a hannu, suna kirana Baban Amare. Sunan ya bi ni har yau, akwai masu jikoki a garin nan da ba su san ina da wani ba.

Da komai ya lafa, Ba Modu ya same ni a ƙofar gida, ya zauna. Can ya ce, "Afuno, da ka tsaya a kan bokan. Da mun kore ka, amma da ana ambaton sunanka a rage murya."

Na yi shekaru ina juya maganar nan, har yanzu ban san ko ni na ci shari'ar ko ita ta ci ni ba. Abin da na koya dai guda ne. In kana da abin kunya, bar shi a fili inda wanda ya gani zai yi dariyarsa shi kaɗai ya wuce. Ranar da ka haƙa masa rami, gari guda za a tara maka, kuma sai ka yi musu muryar.